Kwamfutata ta mutu, amma sirrin da ke cikinta yana nan da ransa

Wata Talata da safe na dawo daga aikin dare, na sallami yara makaranta, na ce bari in ɗan taɓa babi na huɗu na binciken kammala karatuna kafin barci ya ɗauke ni. Kwana uku ke nan kwamfutar tana min nauyi, in na buɗe abu sai ta tsaya tana tunani kamar tsohuwa za ta tsallaka titi. Ranar kuwa ina danna maɓalli ta kawo haske, ta rubuto wasu layuka biyu na Turanci, ta tsaya cak. Na kashe na kunna ya fi sau goma. Ko gezau.

Hankalina bai tashi sosai ba, domin wata biyu kacal da sayenta. Tokumbo ce, na saye ta a wani shago a Sabon Gari, kuma mai shagon da hannunsa ya rubuta min a bayan rasit cewa akwai garantin wata uku. Washegari na jefa ta a jaka, na hau bas daga Samaru, muka ratsa Palladan da Kwangila, na sauka na taka zuwa shagon da rasit ɗina a hannu.

Mai shagon, Allah Ya saka masa da alheri, bai yi min gardama ba. Yaronsa ya kwance bayan kwamfutar, ya zaro wani ɗan akwatin ƙarfe da bai wuce tafin hannuna ba, ya gwada shi, ya ce, "Anti, had dis ɗin ne ya tafi." Wato faifan ajiya, rumbun da duk abin da kika taɓa sakawa a kwamfuta yake kwana. Mai shago ya ce, "Ba komai Hajiya, garantinki bai ƙare ba. Za mu sa miki wani, ki bar mana wannan."

Yaron ya jawo durowa, ya ɗauko wani faifan daga cikin guda bakwai ko takwas da ke zube, ya jona a kwamfutar shago don ya ga ko yana aiki. Yana aiki kuwa. Abin da ya fara bayyana hotunan wata baiwar Allah ne da ban sani ba, ranar sunan jaririnta, tana zaune a bakin gado a ɗakinta, ba mayafi, hannunta ya sha lalle. A gefe ga wata folda an rubuta mata "takardun gida". Yaron ko a jikinsa. Ya ce, "Yanzu zan yi masa fomatin ya koma sabo."

Ni kuwa jikina ya yi sanyi. Na kalli faifaina da ke kan tebur, na kalli durowar. Na ce, "Alhaji, nawa ɗin fa, ina za shi?"

Ya ce, "Dila muke mayar wa a Legas, sai ya ga matacce yake ba mu madadinsa. In bai karɓa ba ya zauna nan, ko 'yan gwangwan su saya. Ai ya mutu Hajiya, ba abin da za a gani a ciki."

Na ce ya ba ni kayana in je mu yi shawara da maigida.

Abin da ke ciki

A cikin bas na fara lissafin abin da na tara a wata biyun nan. Ranar da na sayi kwamfutar na kwashe duk hotunan wayata na zuba mata, saboda wayar ta cika. Akwai na bikina tun daga kamu har buɗar kai, akwai waɗanda na ɗauka ina jego, akwai na yara suna wanka a baho, da na ƙanwata tana gwada kayan lefenta a ɗaki. Ga hoton katin NIN ɗina da na maigida, ga takardun haihuwar yara, ga takardar filin da muka saya da adashin shekara uku. Imel ɗina da Facebook duk a buɗe suke, domin kullum ta tambaye ni ko ta riƙe kalmar sirri, eh nake dannawa.

Wannan duk nawa ne, in ya fita ni ya shafa. Abin da ya hana ni barci shi ne wanda ba nawa ba. Bincikena a kan hawan jini ne ga masu juna biyu, kuma na tattara bayanan mata sama da ɗari masu zuwa awo. A takardar da zan miƙa wa malamina lamba na ba kowace mace a madadin suna, kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Amma jerin farko, mai sunaye da unguwanni da lambobin waya da sakamakon gwajin jini, yana nan ban goge ba, ina ta cewa sai na gama. Matan nan sun gaya min abin da wasunsu ko iyayensu ba su gaya wa ba: ɓarin da aka yi shiru da shi, cutar da miji bai sani ba tukuna. Farin kayan da suka gani a jikina ya sa suka saki jiki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin lafiyar majiyyaci sirri ne, amma ko ba doka, riƙon amana shi ne abin da ake fara cusa mana a makarantar koyon jinya.

Sakacina ne, ba na kowa ba, kuma na faɗa ne don na san ba ni kaɗai ba ce. Malamar makaranta tana ɗauke da sakamakon 'ya'yan mutane, uwar adashi tana da lambobin asusun mata, mai sayar da kaya ta WhatsApp tana da kwatancen gidajen matan aure da lokacin da suke gida.

Maigida da farko bai ga abin damuwa ba. Ya ce, "Maman Ummi, mutumin nan ya ce abu ya mutu. Kyauta za a ba ki wani, ke kuma kina so mu sake kashe kuɗi ana tsakiyar biyan kuɗin makaranta." Ta fuskar aljihu gaskiya gare shi. Na ce to mu kira ƙaninsa da ke karatun kimiyyar kwamfuta a ABU ya duba mana tukuna.

Suma ya yi, bai mutu ba

Da yamma ya zo da wani ɗan gida na roba mai igiya, irin wanda ake sayarwa a shagunan kayan kwamfuta, ya zura faifan a ciki ya jona a tasa. Ta yi jim na minti biyu ko uku, sai ga foldodina sun jeru ɗaya bayan ɗaya. Ya danna ta farko, sai ga ni ranar kamu. Ya yi maza ya kau da kai ya ce, "Anti, zo ki riƙe da kanki." Maigida da ke tsaye a bayansa bai ƙara cewa uffan ba.

Na ce, "Ai ban ba ka kalmar sirrina ba!" Ya ce ba ya buƙatarta. Kalmar sirrin da ake shigarwa in an kunna kwamfuta kamar kwaɗon ƙofar zaure take. Wanda ya ɗauke akwatin gaba ɗaya ya kai gidansa, ina ruwansa da zaurenki?

Ga yadda ya bayyana min sauran. A cikin akwatin ƙarfen nan akwai wani faranti mai sheƙi da ke juyawa sau 5,400 a minti ɗaya a yawancin kwamfutocin cinya, da wani siririn hannu da ke bi ta kansa yana rubutawa yana karantawa. Bayanan a jikin farantin suke. Faifai kan daina aiki ta hanyoyi da dama. Wuta na iya ƙona ɗan allon lantarkin da ke bayansa. Kwamfuta na iya faɗuwa hannun ya lalace, ki ji yana ƙyas-ƙyas. Ko kuma wani yanki na farantin ya samu matsala daidai inda Windows take zaune, kwamfutar ta kasa tashi, kuma wannan ne ya samu nawa. A kowane hali mafi yawan abin da aka rubuta yana nan a kan faranti, mai kayan aiki zai iya canza allon ko hannun ya karanta. A asibiti ba ma lulluɓe wanda ya suma mu ce a kira dangi. Faifan da aka ce miki ya mutu, sau da yawa suma ya yi a hannunki, a hannun wani zai farfaɗo.

Sai batun gogewa, wanda a nan ma yawancinmu muke yaudarar kanmu. Duk wadda ta taɓa leƙa ɗakin kati a asibiti ta san akwai rajista mai nuna lambar kowace folda da kantar da take. In aka soke sunanki a rajista, foldarki na nan a kan kanta har ranar da aka buƙaci gurbin aka ɗora wata. Haka gogewa take a kwamfuta. Haka ma fomatin na gaggawa, irin na 'yan daƙiƙu da yaron shago ya so yi wa faifan baiwar Allahn nan: rajistar kawai yake sokewa. Akwai manhajoji kyauta a intanet da ke zagaya kantocin su dawo da abin da aka goge. Gogewa ta gaskiya ita ce a bi faifan daga farko har ƙarshe a rubuta wani abu a kan kowane gurbi, kuma wannan awanni yake ci.

Ba a kaina aka fara ba

Na zaci matsalar ta kasuwarmu ce, inda garanti rubutun biro ne a bayan rasit. Da na bincika sai na tarar har inda ake da takardu da hatimi an sha gani. A 2005 wani dattijo a birnin Cincinnati na Amurka ya kai kwamfutarsa kantin Best Buy, aka canza masa faifai a ƙarƙashin garanti. Ya nemi tsohon aka hana shi, aka ba shi tabbacin za a huda shi a lalata. Bayan wasu watanni wani baƙo ya kira shi daga Chicago, ya ce ya sayi faifansa dala 25 a kasuwar gwanjo, kuma a ciki ya samo lambar wayar da ya kira shi da ita. Allah Ya so shi ya faɗa hannun mutumin kirki.

A Ingila kuwa, a 2012 hukumar kare bayanai ta ci tarar hukumar asibitocin Brighton da Sussex fam 325,000. An ba wani mutum aikin lalata tsofaffin faifai kusan 1,000, ya fitar da aƙalla 252 daga asibitin, wasu suka bayyana a kasuwar intanet ta eBay ɗauke da bayanan majiyyata, har da masu cutar HIV. Ina karanta wannan na tuna da jerin sunayen da ke cikin nawa.

Nan gida ma, a 2006 wani shirin bincike na BBC ya gano ana sayar da bayanan asusun bankin mutanen Birtaniya a Najeriya a kan ƙasa da fam 20, kuma an ciro su ne daga tsofaffin kwamfutocin da aka turo Afirka. Tokumbon da muke saya da sirrin wasu take zuwa. Namu ma in ya bar hannunmu haka zai yi tafiya, daga Sabon Gari zuwa titin Beirut a Kano ko Computer Village a Ikeja, ba mai iya gaya miki hannu nawa ya ratsa.

Su kansu manyan kamfanonin faifai irin su Seagate da Western Digital, garantinsu musaya ne. Ki aika naki, su aiko miki da wani, sau da yawa wanda aka gyara, naki kuma ya zama nasu. Suna shawartar mai kaya ya goge bayanansa kafin ya aiko. To wanda ya ƙi buɗewa, ta ina za a goge shi? Nan ne gizo ke saƙar.

Yadda muka ƙare da mai shago

Tunda nawa yana buɗewa, mun fara da kwashe komai zuwa wani wurin, kuma alhamdulillahi babi na huɗu ya fito lafiya. Sannan ƙanin maigida ya sa manhajar da za ta rubuce faifan gaba ɗaya, da niyyar in ta gama mu mayar wa mai shago da hankali kwance. Muka bar ta ta kwana tana aiki. Da safe muka tarar ta maƙale ko rabi ba ta kai ba, ta ci karo da inda ya lalace. Sau uku muna gwadawa. Ke nan fiye da rabin faifan yana nan da abin da ke cikinsa, kuma ba mu san wane rabin ba ne.

Na koma Sabon Gari na ce, "Alhaji, ina son sabon, kuma ina son tsohon." Ya yi dariya ya ce, "To ni me zan nuna wa dila, Hajiya?" Bai yi ƙarya ba, shi ma jarinsa ne. Na gaya masa a taƙaice cewa akwai bayanan marasa lafiya a ciki, ba nawa ba ne balle in yi kyauta da su. Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce shi ma iyalinsa na zuwa awo. Muka daidaita in biya shi abin da zai yi asara a wurin dila, wajen kashi ɗaya cikin uku na kuɗin faifai, in tafi da duka biyun.

Da yaron ya jawo durowa na ce, "Ba ni na rannan." Na baiwar Allah mai jego. Na kawo shi gida, muka rubuce shi daga farko har ƙarshe ba tare da mun buɗe folda ko ɗaya ba, kuma shi ne a cikin kwamfutar da nake wannan rubutu da ita. Tsohon nawa kuwa na kai wa wani mai walda kusa da kasuwar Samaru, ya huda shi wuri huɗu ina tsaye. Da na girgiza shi na ji yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, ranar na yi barci.

Tun tana da lafiya

Darasin da na ɗauka shi ne, ranar da faifai ya mutu zaɓi ya riga ya ƙuntata: ko kuɗinki ko sirrinki. Wadda ba ta son wannan zaɓin sai ta yi shiri tun kwamfutar na aiki.

Babban shirin shi ne kulle faifan da kansa. Akwai tsarin da ke birkita duk abin da aka rubuta a ciki, ta yadda in an cire shi aka jona a wata kwamfutar ba abin da za a gani sai shirme. A Windows sunansa BitLocker, a wasu kuma za ki ga an rubuta Device encryption a cikin setin, a kwamfutocin Apple kuma FileVault. Da na kunna shi tun farko, da na miƙa wa mai shago faifaina na karɓi wani ban biya ko kwabo ba. Sai dai a kula, BitLocker na ba da wata lamba mai alƙaluma 48 ta ko-ta-kwana. Ki rubuta ta a takarda ki ajiye inda kike ajiye takardun gida, domin in kwamfutar ta nema kika rasa, ke ma ƙofa ta rufe miki.

Na biyu, duk abin da in ya ɓace za ki yi kuka, ya zama yana da kwafi a wani wurin, ko filash, ko wani faifan, ko Google Drive. Garanti ƙarfe yake musanyawa, ba ya dawo da hoton ranar suna.

Na uku, ki yi tambaya ranar saye, lokacin da kuɗi ke hannunki kuma ana jin maganarki: in faifan ya lalace, za a bar min tsohon? In an amince a rubuta a rasit. Ga masu sayen sabuwa dal, ko masu saya wa ofis da makaranta da asibiti, kamfanonin Dell da HP da Lenovo suna da wani ƙarin tsari da ake biya, wanda ke ba mai kaya damar riƙe faifansa da ya lalace bayan an ba shi sabo.

Na huɗu, abin da ba ki buƙata kada ki tara. Jerin sunayen nan nawa, da na raba shi da kwamfutar tun ranar da na gama ba matan lambobi, da rabin tashin hankalina bai taso ba.

In ta fara ciwo, ko ta kwanta

In tana nauyi, tana maƙalewa, ko kina jin baƙuwar ƙara, kada ki jira. Ki fara kwashe mafi muhimmanci a ranar. Sannan in za a mayar da ita, a goge ta gogewa ta gaskiya. A Windows akwai Reset this PC, a zaɓi cire komai, a kuma kunna zaɓin tsabtace faifan. In ya gama cikin minti biyar, ba a yi wanda ake nufi ba.

In matsalar ba ta faifai ba ce, misali gilashi ne ya fashe, ko batir, ko wurin caji, ki nemi a cire faifan a ba ki kafin ki bar kwamfutar ta kwana a shago, ko ki zauna a gyara kina gani. In sabuwa ce mai garantin kamfani, ki tambaya kafin kowa ya kwance ta, kada garantin ya ɓaci.

In kuwa ya ƙi buɗewa gaba ɗaya, ki zauna ki yi lissafin da na yi a bas. In finafinai da karatu kawai ke ciki, ki mayar ki karɓi haƙƙinki. In akwai abin da ba za ki so ki gani a wayar maƙwabciyarki ba, ko amanar wasu, ki nemi a bar miki tsohon ko da ƙarin kuɗi, in an ƙi ki haƙura da garantin. Ki sani kamfani ba ya karɓar faifan da aka huda, don haka ba a haɗa biyun. Ko wanne kika zaɓa, ki canza kalmomin sirrin imel da Facebook da na banki a ranar.

Wajen lalatawa, jiƙa shi a ruwa ba ya goge komai, ƙonawa kuma hayaƙinsa guba ne. A huda shi wuri uku ko huɗu ta inda farantin yake. Farantin kwamfutar cinya galibi na gilashi ne, yana tarwatsewa, don haka a naɗe shi da tsumma, a kare ido, a nisanta yara. Sabon samfurin da ake kira SSD ba shi da faranti, sai wasu baƙaƙen ƙwayoyi a jikin allo, kuma kowace ɗaya sai an fasa ta. Bayan haka ne za a ba 'yan gwangwan.

Wayar da ke hannunki fa?

Na san da yawanmu ba mu da kwamfuta, amma duk muna kai waya gyara. A wani rahoto da ya fito a 2022, masu bincike a Jami'ar Guelph ta Kanada sun kai kwamfutoci shagunan gyara da 'yar matsalar sauti wadda ba ta buƙatar a buɗe fayil ko ɗaya, bayan sun ɓoye manhajar da ke rubuta duk abin da aka taɓa. A cikin shaguna 12, masu gyara a shida sun leƙa bayanan masu kaya, biyu har kwafa suka yi, kuma an fi leƙa na'urorin da aka nuna na mata ne. Ba na cewa masu gyaranmu duk haka suke. Yawancinsu halal ɗinsu suke nema, amma shago ɗaya na iya samun yara biyar masu koyon aiki, kuma waya na kwana a hannun wanda ba shi kika ba wa ba.

Kafin ki miƙa ta, ki cire layi da memori ki jefa a jaka. Duk mai riƙe da layinki zai iya danna *565*0# ya ga BVN ɗinki, kuma saƙonnin banki a kansa suke sauka. Wayoyin Android na 'yan shekarun nan da iPhone suna zuwa da bayanansu a kulle muddin kin sa musu lambar buɗewa, amma memori yawanci a buɗe yake, kowa ya zura shi a wata wayar zai gani.

Canza gilashi ko batir ko wurin caji ba ya buƙatar lambar buɗe wayarki. In an ce sai an gwada, ki buɗe da hannunki a gwada a gabanki. Masu Samsung ku duba setin, tun 2022 akwai Maintenance mode, wanda ke ɓoye hotuna da saƙonni ya bar wa mai gyara waya kamar sabuwa. Ki kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp.

In musaya za ki yi, ko sayarwa, ko za ki ba yaro ko mai aiki tsohuwar wayarki, ki kwashe abin da kike so, ki cire asusunki na Google, sannan ki mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Kada ki bar wa mai saye ya ce zai goge daga baya. Kuma ki koya wa 'yarki budurwa wannan tun yau, domin ita ce ta fi ɗaukar hoto, kuma a wurinmu hoto ɗaya na iya fasa aure.

Doka na nan, amma

A watan Yunin 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC inda ake kai koke, kuma ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda suka fi buƙatar kariya. Dokar laifukan intanet ta 2015 ma ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izininsa ba. Wadda aka ci amanarta tana da inda za ta kai ƙara, kuma kada kunya ta hana ta. Sai dai kowa ya san hoton da ya shiga WhatsApp ba alƙalin da ke iya kiransa ya dawo. Mu a asibiti kullum cewa muke rigakafi ya fi magani, a nan kuwa maganin ma kusan babu.

Har yanzu nakan tuna baiwar Allahn nan. Ban san sunanta ba, ita ma ba ta san an taɓa buɗe ɗakinta a kan teburin shago a tsakiyar kasuwa ba. Wataƙila mun taɓa zama kujera ɗaya a bas ɗin Samaru, wataƙila ni na auna mata jini ranar awo. Nata ya tsira, amma na bar shida ko bakwai a cikin durowar nan, kuma shaguna nawa ne a Zariya?

Yau da daddare in yara sun yi barci, ki ɗauki wayarki ko kwamfutar gidanku ki tambayi kanki: in ta ƙi tashi gobe da safe, zan iya miƙa ta ga baƙo in juya baya? In amsar a'a ce, aikin na daren yau ne. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira.